Yadda za ka ziyarci gidan tarihin fina-finan Indiya a Mumbai

Jinyar Baffa ce ta kai ni Mumbai. An yi masa aikin gwiwa, likita ya ce sai mun ƙara mako uku kafin ya yarda mu hau jirgi, kuma kullum sai ya taka ƙafar ko da kaɗan ne. Wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar da ba tasa ba ya san tsawon yini: daga ɗaki sai asibiti, daga asibiti sai ɗaki. Wata rana da hantsi Baffa yana zaune a barandar masaukinmu yana rera wata tsohuwar waƙar Indiya, sai wani ma'aikacin gidan ya tsaya da tsintsiya a hannu yana saurare. Da ya gama mamaki, shi ne ya ce mana akwai gidan da gwamnati ta tara tarihin fim ɗinsu, kuma bai kamata mu bar garin ba mu gan shi ba.

Na je sau biyu. Na farko ni kaɗai, don in ga ko ƙafar Baffa za ta iya, na biyu kuma tare da shi. Ni mutumin kaset ne, shekara 11 na yi da shagon haya a Fagge kafin faifan CD da waya su tashe mu, yanzu kuma tace bidiyon biki nake yi. Saboda haka abin da zan faɗa maka, na wanda ya ci abinci da sana'ar ne.

Da farko ka san inda za ka. Sunan wurin National Museum of Indian Cinema, yana lamba 24 a titin Pedder Road, wanda a takarda ake kira Dr. G. Deshmukh Marg, a kudancin Mumbai. Firaminista Narendra Modi ne ya buɗe shi ranar 19 ga Janairu 2019, bayan an kashe masa kimanin rupi biliyan 1.4. Kada ka haɗa shi da Film City da ke Goregaon, can arewacin gari, inda ake ɗaukar fina-finai. Mutanenmu da yawa suna zaton da sun shiga za su yi kiciɓis da jaruman da suka saba gani. A nan ba jarumi ko ɗaya da za ka gaisa da shi. Kyamarori ne, da fastoci, da injina, da labarin yadda aka faro.

In za ka faɗa wa direba, ce masa "Films Division, Pedder Road". Tsofaffin direbobi sun fi sanin wannan sunan, domin a da harabar ta wata hukumar gwamnati ce mai wannan suna, wadda aka kafa a 1948 don yin fina-finan wayar da kai, irin aikin da majigi ya yi a ƙauyukanmu. Idan masaukinka yana arewa, wajen filin jirgi ko Andheri, ka sani adaidaita sahunsu ba ya shiga kudancin gari, iyakarsa Bandra ko Sion. Daga nan sai taksi mai baƙi da ruwan ɗorawa, kuma kafin ya tayar ka nuna masa mita ya kunna. Uber ma tana aiki. Jirgin ƙasa na layin yamma ya fi komai araha, ka sauka a Grant Road ko Mumbai Central ka ɗauki taksi na 'yan mintuna, amma ban ba ka shawarar shiga da safe ko da yamma ba, balle da mara lafiya. Cunkoson jirgin nan sai wanda ya gani. Daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ce mai ƙarfi, hanyar minti 20 takan koma awa guda.

Ranar Litinin a rufe yake, haka ma ranakun hutun gwamnati. Lokacin da muka je ana buɗewa ƙarfe 11 na safe a rufe 6 na yamma. Ka je da an buɗe, a tsakiyar mako, kuma ka ware awa uku aƙalla. Kuɗin baƙo daban ne da na ɗan ƙasa: a farkon buɗewa ɗan Indiya rupi 20 yake biya, baƙo 500. Haka tsarin yake a wuraren tarihinsu da yawa, kada ka ɗauka kai aka raina. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin su yanzu kusan komai da waya suke biya, kuma wannan tsarin da asusun bankinsu yake tafiya. Ka riƙe fasfo ko kwafinsa. Bayanan da ke jikin kayan da Turanci da Hindi aka rubuta su, don haka in Turancinka bai yi nisa ba, ka cika cajin wayarka ka riƙa haska rubutun tana fassara maka. Kafin ka ɗauki hoto a kowane ɗaki, tambayi ma'aikacin da ke tsaye.

Gine-gine biyu ne a harabar. Akwai sabo na gilashi mai hawa-hawa, akwai kuma tsohon gida na ƙarni na 19 mai suna Gulshan Mahal, wanda wani attajiri Musulmi ɗan asalin Gujarat, Peerbhoy Khalakdina, ya gina. Ido zai ja ka zuwa sabon. Ka daure ka fara da tsohon, domin can ne aka jera labarin daki-daki daga tushe, kuma in ka fara da sabon za ka ga injina ba ka san me suka zo gyarawa ba.

A ɗakin farko akwai kayan wasan da suka riga silima zuwa duniya. Kada ka wuce su da sauri don ka ga kamar na yara ne. Ɗaya daga ciki 'yar ganga ce buɗaɗɗiya ta sama, an tsattsaga gefenta, an liƙa zane-zane a ciki, kowanne ya ɗan bambanta da na kusa da shi. In ka leƙa ta sama tana juyawa, dishi-dishi kawai za ka gani. Sai ka rusuna, ka daidaita idonka da tsagar, nan take zanen ya tashi yana motsi. Tsagar ce take ɗauke maka gani na ɗan ƙiftawa tsakanin zane da zane, ƙwaƙwalwa kuma ta cike giɓin. Duk sirrin fim ke nan: hotuna ne tsayayyu, 24 a kowane daƙiƙa, babu wanda yake motsi a cikinsu. Na yi shekaru ina yanka bidiyo a kwamfuta hoto bayan hoto, amma sai da na rusuna a gaban gangar nan na ga abin da idona.

Daga nan labarin ya shigo Indiya. Ranar 7 ga Yuli 1896 aka nuna fina-finan 'yan gidan Lumière na Faransa a otal ɗin Watson da ke wannan gari, wata shida da 'yan kwanaki bayan nunin farko da suka yi a Paris. Sai 1913, da Dadasaheb Phalke ya fitar da Raja Harishchandra, wanda suke lissafawa a matsayin cikakken fim ɗinsu na farko. Ka tsaya ka kalli guntun da ake haskawa, ka lura da sarauniyar. Namiji ne, sunansa Anna Salunke, ma'aikacin gidan abinci. Phalke ya nemi macen da za ta fito ya rasa, domin a lokacin fitowa a fim abin kunya ne ga mace da danginta. Duk Bahaushen da ya san rigimar da ake yi a gida kan 'yan mata da fim zai ji labarin nan kamar a unguwarsu aka yi shi. Ka kuma shiga da sanin cewa fina-finan farko yawancinsu daga labaran addinin Hindu aka ɗauko su, kuma akwai mutum-mutumi nan da can cikin gidan. Tarihinsu ne suke nunawa yadda yake.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen shigowar magana. Alam Ara na Ardeshir Irani, wanda aka fara nunawa ranar 14 ga Maris 1931 a silimar Majestic, shi ne fim ɗin Indiya na farko mai sauti, da waƙoƙi bakwai a ciki. Situdiyon da aka yi shi yana kusa da layin dogo, don haka sai tsakar dare suke ɗauka, bayan jirage sun daina wucewa. Daga wannan fim ne waƙa ta zauna daram a fim ɗin Indiya, har ta biyo ruwa ta iso Kano. To, ka nemi fim ɗin a gidan. Ba za ka same shi ba, kuma ba za ka same shi a ko'ina a duniya ba. Ya ɓata. Hotuna da talla kawai suka rage. Haka fina-finai marasa magana sama da 1,000 da suka yi, 'yan kaɗan ne suka tsira, da yawansu ma gutsattsari. Dalili kuwa, zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin kama wuta, mai narkewa da kansa in ya sha zafi da laima. Wasu kuma masu su ne suka sayar wa masu tatsar azurfar da ke jiki. Sai a 1964 aka kafa ma'adanar fim ta ƙasa a Pune, lokacin da an riga an yi asara mai yawa.

Ina tsaye gaban hotunan Alam Ara, kwalayen da ke ɗakin zaurena kawai nake gani. Da na rufe shago ban iya zubar da kaset ɗin Hausa ba, na zuba su a kwali na ɗora a kan juna. Rabon da in buɗe an fi shekara goma, kuma na san abin da damina take yi wa kaset: farin fumfuna ya bi gefen zaren, in ka saka a bidiyo ya toshe kan injin, hoton ya koma ruwan ƙasa. Fim ɗinmu na bidiyo bai tsufa ba, Turmin Danya na 1990 ne ake lissafawa na farko, amma je ka nemi kwafi mai kyau na fina-finan shekaru goman farko ka gani. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, shekaru aka yi ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano zarensa, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, har aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan sa'a ya yi. Saboda haka in kai ɗan sana'a ne, furodusa ko mai tacewa ko tsohon mai shago irina, a wannan sashen nake so ka kashe lokacinka. Ka duba abin da suka adana bayan fim ɗin kansa: fastocin da aka zana da hannu, ƙananan littattafan waƙoƙi da ake sayarwa a ƙofar silima, hotunan da ake liƙawa a allo don jawo 'yan kallo. Irin waɗannan ne mu muke naɗe ƙosai da su. Ka ɗauki hoton yadda suke rubuta bayani a ƙarƙashin kowane abu, shekara da sunan mai shi da kamfani, domin aiki ne da mutum ɗaya zai iya fara yi a ɗakinsa.

Gaba kaɗan za ka ga zamanin manyan kamfanoni: Prabhat da aka kafa a 1929, New Theatres ta Kalkata a 1931, Bombay Talkies ta Himanshu Rai da Devika Rani a 1934. A lokacin jarumi ma'aikaci ne mai albashin wata. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya rusa tsarin, da 'yan kasuwar da suka samu kuɗin yaƙi suka shigo suna saye jarumai da tsada fim bayan fim. A New Theatres ne kuma, a 1935, aka fara naɗar waƙa daban, jarumi ya zo yana motsa baki a kanta. Abin da 'yan fim ɗinmu suke kira mamin ke nan, kuma shi ya ba wa mawaƙa irin su Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar damar zama sarakuna ba tare da sun tsaya gaban kyamara ba. Lata ma a kan wannan titi na Pedder Road ta zauna har ta rasu a 2022.

In da hali, ka je da dattijo. Wannan ita ce shawarar da na fi ba wa muhimmanci. Da muka iso fina-finan shekarun 1950, Baffa ya tsaya cak gaban hoton jaruma Nargis ɗauke da garma a kafaɗa, na Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957. Ya jingina sandarsa da cinyarsa, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Ɗana, a silimar Palace na kalli wannan," in ji shi. "Ba rufi, taurari a sama. Muna fitowa kowa idonsa ja, amma ba mai yarda ya ce kuka ya yi."

Na ce, "Baffa, kuna jin abin da suke faɗa ne a lokacin?"

"Ina fa. Amma mace da bashi a wuya, ga ambaliya, ga 'ya'ya, ga mai kuɗin gari yana zagaye gonarta, wa zai fassara maka wannan? A ƙauyenmu ma akwai ta."

Sai ya fara rera waƙar a hankali. Wani matashin ma'aikaci ya matso, ya haɗa tafukansa, yana ce masa "Chacha", wato Baffa ke nan a bakinsu, yana tambaya daga wace ƙasa muke. Na gaya masa cewa tun shekarun 1950 'yan kasuwa Lebanawa suke kawo fina-finansu silimunmu, cewa a Kano Dharmendra Sarkin Ƙarfi ne, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin, har masu bandiri suna ɗaukar karin waƙoƙinsu su yi begen Annabi da shi. Bai taɓa ji ba. Ya je ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga Baffa. A wannan ɓangaren ne kuma za ka ga yawan hannun Musulmi a ginin masana'antar: Mehboob Khan, da K. Asif mai Mughal-e-Azam na 1960, da mai kiɗa Naushad, da Dilip Kumar wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan.

Sabon ginin yana da lifta. Ka hau ta kai tsaye zuwa hawa na huɗu, sannan ka riƙa saukowa, ya fi sauƙi ga ƙafa. Na huɗun na fina-finan sassan ƙasar ne, kuma zai gyara maka wani kuskure da muke yi: ba duk fim ɗin Indiya ne na Hindi ba. Akwai na Tamil, da Telugu, da Malayalam, da Bengali, da Marathi, kowanne masana'anta ce mai zaman kanta. Yawancin fassarar Indiya-Hausa da matasa ke tura wa juna a waya yau daga kudu suke, wato Telugu da Tamil. A nan kuma za ka san Satyajit Ray, mai Pather Panchali na 1955, wanda aka ba Oscar ta girmamawa a 1992, mutumin da duniya ta sani amma silimunmu ba su kawo mana shi ba.

Hawa na uku na kayan aiki ne: kyamarori, fitilu, na'urorin sauti, teburan tace fim. Ka tsaya gaban teburin tacewa na da, ka tuna cewa mai wannan aikin da reza yake yanka zaren na gaske ya liƙa, in ya yi kuskure ba maɓallin komawa baya. Hawa na biyu na yara ne, akwai koren bango da za ka tsaya a gabansa ka ga kanka a wani wuri daban a allo, da wurin haɗa katun hoto bayan hoto. In kana tare da yara, ka bar musu rabin awa a nan. In ba ka tare da su, leƙawa ta isa.

Hawa na ɗaya na Mahatma Gandhi ne, jagoran neman 'yancin Indiya, kuma kada gajiya ta sa ka tsallake shi. Mutumin nan ba ya son silima ko kaɗan, yana ganin ɓarnarta a fili take. Fim ɗin Indiya ɗaya aka san ya kalla, Ram Rajya na 1943, kuma an yi mutum-mutuminsa a zaune yana kallon sa. A 1939 wani marubuci, Khwaja Ahmad Abbas, ya rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa cikin ladabi yana roƙonsa kada ya yi wa sana'ar kuɗin goro, ya dube ta a matsayin abin da za a iya gyarawa a yi alheri da shi. Na ji daɗin yadda gidan bai ɓoye wannan saɓani ba, ya ba shi hawa guda sukutum. Baffa, wanda mahaifinsa ya taɓa zane shi saboda zuwa silima, ya sa na karanta masa bayanan nan ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa.

Ka yi ƙoƙari ka fito kafin ƙarfe 5, domin daga nan titin yakan cushe. Don salla, masallacin Haji Ali yana kusa, 'yan mintuna ne a taksi. A kan ɗan tsibiri yake cikin teku, ana isa ta wata siririyar hanya ta ƙafa wadda ruwa kan rufe in teku ta cika, don haka tambayi direba ko masu shagunan bakin hanya kafin ka taka. Tafiyar da ɗan tsawo, mai sabon aiki a gwiwa ba zai iya ba. Mu taksi muka ɗauka zuwa Mohammed Ali Road, muka yi salla a masallacin Minara, muka ci abincin halal a nan kusa, domin unguwar ta Musulmi ce.

In kana da sauran kwana a gari, ka ware wata safiya daban ka je silimar Maratha Mandir da ke daura da tashar Mumbai Central. Tun 1995 suke nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge kullum da ƙarfe 11:30 na safe, tikitin kuma ba tsada. Lokacin ya ci karo da na buɗe gidan tarihin, shi ya sa ba za ka haɗa su rana ɗaya ba. Ka sayi kujerar bene, ka shiga da wuri, kuma in aka sa taken ƙasarsu kafin a fara, ka miƙe tsaye tare da kowa.